An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Hukumar Tsaron Sufuri Ta Amurka Da Aikin Da Aka Ɗora Mata

Ranar 19 ga Nuwamba 2001, kwana 69 bayan harin 11 ga Satumba, Shugaba George W. Bush ya sa hannu a kan dokar da ta haifi hukumar tsaron sufuri ta Amurka, wadda aka fi sani da TSA. Majalisar da ta rubuta dokar ba ta yi wa jaririyar rowar iko ba. Ta ɗora mata alhakin tsaron kowane irin sufuri a ƙasar, tun daga jirgin sama da jirgin ƙasa da motocin safa har zuwa bututun mai da na iskar gas da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa. Amma yau in ka tare Ba'amurke, ko baƙon da ya taɓa taka ƙasar, ka tambaye shi aikin TSA, amsar ba ta wuce guda: su ne masu sa mutum ya tuɓe takalmi, ya kwance bel, ya zubar da ruwan gorarsa. Tsakanin abin da doka ta rubuta da abin da jama'a suka sani akwai tazara mai faɗi, kuma a cikinta ƙorafina yake.

An ba hukumar nan aiki mai faɗin gaske, ba a kuma haɗa mata da ma'aunin da za a gane ta yi ko ba ta yi ba. Hukumar da ta sami kanta a wannan hali, a Washington take ko a wata ƙasa, hanya ɗaya take bi. Takan zaɓi ɓangaren aikin da ido ke gani ta zuba ƙarfinta a can, ta bar sauran a hannun sa'a. Matafiyi shi ne abin da ido ke gani. Shi ya sa duk ranar da wani ofishi ya yi sakaci, a jikin matafiyi ake fanshewa.

Mu fara da tambayar da aka tsallake tun ranar farko: me ya lalace a 11 ga Satumba? Kafin wannan rana kamfanonin jiragen sama ne ke ɗaukar ƴan kwangila su binciki fasinja, kuma gaskiya aikin nasu ba abin yabo ba ne, albashi kaɗan, horo kaɗan, ma'aikaci ya shigo yau ya fice bayan ƴan watanni. Sai dai ƙa'idar gwamnati ta lokacin ba ta hana fasinja shiga da ƙaramar wuƙar da kaifinta bai kai inci 4 ba, irin waɗanda aka yi imanin maharan 19 sun yi aiki da su. Ƙofar ɗakin matuƙa ba ta da ƙarfin da za ta tsayar da mai niyya. Abin da ake koya wa ma'aikatan jirgi a wancan zamani shi ne su lallaɓa ɗan fashin jirgi har a sauka lafiya, domin an saba ɗan fashi ciniki yake nema. Mafi muni, biyu daga cikin maharan, Khalid al-Mihdhar da Nawaf al-Hazmi, hukumar leƙen asiri ta CIA ta san da su tun farkon shekarar 2000. Suka shiga Amurka, suka zauna a San Diego da sunayensu na gaskiya, ba a sa su a jerin waɗanda ake sa wa ido ba sai ƙarshen Agusta 2001. Jerin mutanen da aka hana hawa jirgi a lokacin bai kai sunaye 20 ba, nasu kuma ba ya ciki. Kwamitin da ya binciki harin ya zayyana wannan duka a rahotonsa na 2004.

To, yaya aka toshe waɗannan ɓarakoki? Ƙofar matuƙa an ƙarfafa ta da umarnin hukumar kula da jiragen sama ta FAA, aka kammala a Afrilu 2003. Dabarar lallaɓa ɗan fashi ta mutu tun a ranar harin, lokacin da fasinjojin jirgi na huɗu suka ji ta waya abin da ya sami sauran, suka afka wa maharan, jirgin ya faɗi a wani fili a jihar Pennsylvania bai kai Washington ba. Bruce Schneier, masanin da ya yayata kiran irin wannan bincike da tsaron wasan kwaikwayo, ya daɗe yana cewa ƙofar nan da kuma fasinjan da ya daina zuba ido su ne suka fi komai canja lissafin ɗan ta'adda. Duk cikinsu babu wanda ya fito daga shingen bincike. Amma ƴan siyasa suna bukatar abin nuna wa jama'ar da ta firgita, ƙofar ƙarfe kuwa ba ta cika hoton talabijin kamar dubun-dubatar ma'aikata masu riga iri ɗaya a bakin ƙofa. Cikin shekara guda aka ɗauke su, a Maris 2003 kuma aka ɗauke hukumar daga ma'aikatar sufuri aka kai ta sabuwar ma'aikatar tsaron cikin gida.

Kada wani ya ɗauka ina raina barazanar. Mu a wannan yanki ba sai an ba mu labarin abin da bam ke yi wa jirgi ba. Ranar 19 ga Satumba 1989 jirgin kamfanin UTA da ya taso daga Brazzaville, ya ya da zango a Injamena, ya tarwatse a sararin hamadar Tenere a ƙasar Nijar. Mutum 170 ne a ciki, babu wanda ya tsira, kuma bam ɗin a cikin akwati yake a rumbun kaya. Saboda haka da dokar 2001 ta ce daga ƙarshen 2002 kowace jakar da za a loda a jirgi sai an duba ta, wannan aikin hankali ne. Haka nan a shekarar 2023 kaɗai jami'an TSA sun tsinci bindigogi 6,737 a wuraren binciken fasinja, fiye da kashi 90 cikin 100 da harsashi a ciki. A ƙasar da bindiga ta yi wannan yawa dole a sami mai tsayawa a ƙofa. Rigimata da tarin ƙa'idojin da aka yi ta jibgawa a kan binciken ne, kowace an haife ta washegarin wani abin kunya.

Mai karatu, bi su ɗaya bayan ɗaya ka ga wa ya tare harin, wa kuma ya biya kuɗin. Ranar 22 ga Disamba 2001 Richard Reid, haifaffen Ingila, ya hau jirgi daga Paris zuwa Miami da bam a takalminsa. Ma'aikatan jirgin da fasinjoji ne suka danne shi yana ƙoƙarin ƙyasta ashana. A Agusta 2006 aka mayar da tuɓe takalmi dole a kan kowa a filayen jiragen Amurka, alhali yawancin filayen Turai, inda shi Reid ya taso, ba su taɓa ɗora wa kowa da kowa wannan ba. Aka yi shekara kusan 19 tsofaffi da guragu da masu goyo suna tsalle da ƙafa ɗaya a layi, sai a Yuli 2025 aka wayi gari ministar tsaron cikin gida ta lokacin, Kristi Noem, ta ce an daina. A Agustan 2006 ɗin nan ne aka bankaɗo shirin tarwatsa jirage da bam ɗin ruwa daga London. Ƴan sandan Ingila da jami'an sirrinta ne suka kama mutanen a gidajensu bayan watanni ana bibiyarsu, ba su ko kai filin jirgi ba. Ladan da matafiyi ya samu shi ne ƙa'idar mililita 100, wadda ta zagaya duniya har ta iso filayen jiragenmu. A Oktoba 2010 aka aiko da bama-bamai biyu daga Yaman a cikin na'urorin buga takarda. Jami'an sirrin Saudiyya ne suka tsegunta, aka tsinci ɗaya a Dubai, ɗaya a Ingila, inda binciken farko ma bai gano komai ba sai da aka sake dubawa. Sau uku ke nan, kuma sau ukun duka ko fasinja ne ya tare ko mai bayanin sirri.

Na huɗun shi ne wanda ya taɓa mu kai tsaye, kuma shi ya fi tona asirin tsarin. Ranar 25 ga Disamba 2009 Umar Faruk Abdulmutallab, ɗan Najeriya mai shekara 23, ya yi ƙoƙarin tayar da bam ɗin da ya ɓoye a kamfansa cikin jirgin da ya taso daga Amsterdam zuwa Detroit da mutum kusan 290. Bam ɗin bai tashi ba, wuta ya kama, wani fasinja ɗan Holan mai suna Jasper Schuringa ya tsallake kujeru ya riƙe shi. Laifin da ya aikata babba ne, kotu ta ɗaure shi rai da rai a 2012, babu kuma mai hankalin da zai nema masa uzuri. Amma a duba abin da ya gabaci ranar. A watan Mayu na shekarar Ingila ta hana shi biza. A watan Nuwamba mahaifinsa, Alhaji Umaru Mutallab, dattijo sananne a harkar banki, ya taka da ƙafarsa zuwa ofishin jakadancin Amurka a Abuja ya ce ɗansa ya shiga hannun masu tsattsauran ra'ayi, yana kuma zaton yana Yaman. Ka san irin nauyin da uba ke haɗiyewa kafin ya kai ƙarar ɗan cikinsa ga baƙi? Aka rubuta, aka aika Washington. Sai aka yi kuskuren harafi a sunan yaron, har ma'aikatar harkokin waje ta ɗauka da farko ba shi da bizar Amurka, alhali tun 2008 aka ba shi ita a London. Aka jefa sunansa a rumbun da ke ɗauke da sunaye fiye da dubu 500, ba a kai shi jerin waɗanda aka hana hawa jirgi ba, ba a soke bizar ba. A gefe guda kuma masu saurare sun riga sun tsinci maganar cewa ana shirya wani ɗan Najeriya a Yaman. Babu wanda ya haɗa wannan da wancan.

Ministar tsaron cikin gida ta lokacin, Janet Napolitano, ta fito ta ce tsarin ya yi aiki, washegari ta lashe amanta. Shugaba Barack Obama da kansa, a farkon Janairu 2010, ya amsa cewa gwamnatinsa tana da bayanan da suka isa a tare harin, haɗa su ne ta kasa. A nan dole a yi wa TSA adalci. Ba ita ke ba da biza ba, ba ita ke rubuta jerin waɗanda ake tuhuma ba, wannan aikin wata cibiya ce a ƙarƙashin FBI, kuma ba jami'anta ne suka binciki yaron a Legas ko Amsterdam ba. Sakacin na ofisoshin jakadanci da na leƙen asiri ne. To me aka yi? Ranar 4 ga Janairu 2010 TSA ta fara aiki da umarnin cewa duk mai fasfon ƙasashe 14, ko wanda ya taso ko ya ratso ta cikinsu, sai an lalube shi an zazzage jakarsa kafin ya hau jirgin Amurka. Ƙasashen su ne Najeriya, Sudan, Somaliya, Libiya, Aljeriya, Saudiyya, Yaman, Iraƙi, Iran, Siriya, Labanan, Afganistan, Pakistan da Kyuba.

Karanta jerin nan ka faɗa mini wace matsala ya warware. Ingila, mahaifar Reid da yawancin masu bam ɗin ruwa, inda shi Umar Faruk ya yi karatun jami'a, ba ta ciki. Holan, inda aka yi masa binciken ƙarshe ya wuce, ba ta ciki. Ƙasar da wani ɗanta ya yi abin da ba kowane uba zai iya ba don ya ceci rayukan Amurkawa, ita ce aka sa. Ministar watsa labaran Najeriya ta lokacin, Dora Akunyili, ta ce rashin adalci ne a hukunta mutum fiye da miliyan 150 saboda halin mutum ɗaya, kuma gaskiya ta faɗa. Bayan rashin adalci ma, jerin bai da wayo, domin ya sanar da duk mai mugun nufi fasfon da zai guje wa. A Afrilu 2010, bayan wata uku kacal, aka janye shi aka ce za a koma dogaro da bayanan sirri. Wato an koma ga abin da ya lalace tun farko, bayan an gama borin kunya a jikin ƴan kasuwa da ɗalibai da masu zuwa ganin jikoki. Wa ya biya su mutuncinsu? Kuma wane saƙo aka aika wa uba na gaba da zai ga ɗansa yana karkacewa?

Ƙa'ida ta biyu da wannan hari ya haifa ita ce na'urar ɗaukar hoton jiki. Aka bazama saye, duk da cewa ofishin da ke bincikar ayyukan gwamnati a madadin majalisa, GAO, ya faɗa a 2010 cewa babu tabbacin na'urar za ta iya gano irin bam ɗin kamfan. Wani nau'in na'urar yana nuna mutum kusan tsirara ga jami'in da ke zaune a wani ɗaki. Wanda ya ƙi shiga sai a yi masa lalube har matse-matsi. Tarayyar Turai ta hana amfani da wannan nau'i a 2011. Amurka ta ci gaba har 2013, sannan ta kwashe kusan 250 daga filayenta, saboda kamfanin da ya ƙera su ya kasa samar da manhajar da za ta rufe tsiraicin mutane.

A ce mun yarda da duk wannan wahala. Tambayar da ta rage ita ce ko shingen yana kama abin da aka kafa shi don ya kama. A 2015 sufeto-janar na ma'aikatar tsaron cikin gida ya tura jami'ansa cikin shigar fasinjoji, ɗauke da makamai da bama-baman gwaji. Sau 70 suka gwada, sau 67 suka wuce. Shekara 13 da ɗoriya ke nan da kafa hukumar. Jama'a ba su ji wannan daga bakin gwamnati ba, ƴan jarida ne suka sami labarin, domin sakamakon irin wannan gwaji sirri ne. Abin da ya biyo baya shi ne an ɗauke muƙaddashin shugaban hukumar, Melvin Carraway, an canja masa ofis. Shi ke nan. In makarantar da ɗalibai 67 cikin 70 suka faɗi jarrabawa ce, iyaye za su tambayi abin da ake koyarwa a cikinta. A nan sai aka ƙara tsaurara bincike, layi ya ƙara tsawo, har a bazarar 2016 ɗaruruwan fasinjoji suka rasa jiragensu a Chicago suna tsaye a layi.

Akwai kuma shirin karanta fuska. Hukumar ta horar da jami'ai kusan dubu 3 su riƙa yawo a filin jirgi suna neman mai zufa, mai rawar murya, mai kauda ido. A Nuwamba 2013 GAO ya duba nazarce-nazarce fiye da 400 ya ce iyawar ɗan'adam ta gane maƙaryaci daga alamun jiki ba ta wuce canki-canki ba, ko ta ɗara kaɗan. A lokacin shirin ya lashe kusan dala miliyan 900 tun daga 2007. Shirin da ba shi da ma'aunin kimiyya kuwa, son zuciyar jami'i ne ke zama ma'auninsa. A 2012 ma'aikatan hukumar fiye da 30 a filin jirgin Boston suka kai ƙorafi da kansu cewa abokan aikinsu baƙaƙen fata da ƴan Gabas ta Tsakiya da ƴan Latin Amurka suke tarewa. A 2018 jaridar Boston Globe ta fallasa wani shirin mai suna Quiet Skies, inda jami'ai masu bindiga cikin farin kaya ke bin fasinjan da ba a tuhumarsa da komai, suna rubuta ko ya yi barci, ko ya shiga banɗaki. A Yuni 2025 gwamnati ta rufe shi, ministar da ta rufe shi kuma ta ce yana cin dala miliyan 200 a shekara bai taɓa tare hari ko ɗaya ba. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba, kuma babu wanda aka ce ya dawo da kuɗin.

Yanzu mu koma ga sauran aikin da doka ta ɗora, wanda ba a gani a talabijin. Amurka tana da bututun mai da na gas da tsawonsu ya haura mil miliyan 2 da rabi, tsaronsu kuma a wuyan TSA yake. A Disamba 2018 GAO ya bayyana cewa sashen da ke kula da su ya taɓa komawa ma'aikaci ɗaya tal a 2014, a 2018 kuma mutum 6 ne. Hukumar da ke da dubun-dubatar masu duba takalmi! Ƙa'idojin da ta ba kamfanonin bututu shawara ce kawai, wanda ya ga dama ya bi. Ranar 7 ga Mayu 2021 masu kutsen kwamfuta suka gurgunta kamfanin Colonial Pipeline, bayan sun riga sun shiga ta kalmar sirri guda da ta faɗa hannunsu. Bututun da ke ɗaukar kusan kashi 45 cikin 100 na man da gabashin Amurka ke sha ya tsaya kwanaki, dubban gidajen mai suka bushe, kamfanin ya biya fansar kusan dala miliyan 4 da dubu 400. Sai a ƙarshen wannan wata TSA ta fitar da umarninta na farko mai tilastawa a kan tsaron kwamfutocin bututu, shekara kusan 20 bayan an ba ta aikin. Ihu bayan hari ke nan, daga hukumar da aka kafa don rigakafi.

Jiragen ƙasa ma haka. A Maris 2004 bama-bamai sun kashe mutum fiye da 190 a jiragen ƙasa na Madrid, a Yuli 2005 sun kashe 52 a jiragen ƙarƙashin ƙasa da wata motar safa a London. Masu hawa jirgin ƙasa da safa a biranen Amurka kowace rana sun ninka masu hawa jirgin sama, amma abin da sufurin ƙasa ke samu daga kasafin hukumar ɗan tsagi ne. Ko a filin jirgin saman ma, shingen ya haifi sabon haɗari, domin ya tara ɗaruruwan mutane a wuri ɗaya kafin a binciki kowa. Maharan Brussels a Maris 2016 a zauren karɓar kaya suka tayar da nasu, ba su nemi wuce shinge ba. A Nuwamba 2013 ɗan bindiga ya harbe jami'in TSA, Gerardo Hernandez, a bakin aikinsa a filin jirgin Los Angeles.

Sai maganar kuɗi. Tun 2002 kowane tikiti yana ɗauke da harajin tsaro da aka raɗa wa sunan 11 ga Satumba. Ya fara da dala 2.50, a Yuli 2014 ya koma dala 5.60 a kowace tafiya. Dokar kasafin 2013 da ta ƙara shi ita ce kuma ta karkatar da fiye da dala biliyan 1 a shekara daga cikinsa zuwa cike giɓin baitulmali. Ana karɓar kuɗi da sunan matattu ana biyan wani bashin da shi. A Disamba 2013 kuma aka buɗe wa jama'a shirin PreCheck: ka biya dala 85, a binciki tarihinka, ka yi shekara 5 kana wucewa da takalminka a ƙafa da bel ɗinka a ƙugu. Na yarda akwai hikima a rage bincike ga wanda aka san tarihinsa. Amma wannan hikimar ita ce ke ƙaryata sauran tsarin, domin ta nuna hukumar da kanta ta san amsar tana cikin sanin mutum, takalmin ado ne. Ma'aikacin da ke tsaye a shingen kuwa, shi ma taiki ne. Shekaru fiye da 20 albashinsa na ƙasa da na takwarorinsa na gwamnatin tarayya, sai a 2023 aka daidaita. Da gwamnati ta rufe kwana 35 daga Disamba 2018 zuwa Janairu 2019, aiki ya ci gaba da yi ba albashi, yana shan zagin fasinja a kan ƙa'idar da ba shi ya rubuta ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na san amsar da masu kare hukumar ke bayarwa: ai tun 2001 ba a sake yin irin 11 ga Satumba ba, kuma ba za ka iya ƙirga maharan da shingen ya tsorata suka fasa ba. Akwai gaskiya a ciki, shinge yana tsoratarwa ko da yana da ɓaraka. Amma a lura da yadda hujjar ke aiki. In ba a kai hari ba, a ce aikin hukumar ne, a ƙara mata kuɗi. In an kai, a ce ikonta ne bai isa ba, a ƙara mata iko. Da wannan lissafi babu ranar da za a kama ta da gazawa, kuma da shi za a iya kare tuɓe takalmi da jerin ƙasashe 14 da karanta fuska da bin fasinja banɗaki, abubuwan da gwamnatin da kanta ta zo ta watsar ko ta rage. Hukumar da ba za a iya kama ta da gazawa ba ta fita daga hannun masu biyan kuɗinta.

Gyaran ba boyayye ba ne. Kowace sabuwar ƙa'ida ta zo da ranar mutuwarta, in ana son tsawaita ta a kawo wa majalisa hujja. Sakamakon gwajin ɓoye, ko da jimillarsa ce ba tare da fallasa dabaru ba, a riƙa bayyana shi duk shekara. Kuɗin da aka karɓa da sunan tsaro ya tafi ga tsaro, a raba shi gwargwadon inda haɗari yake, ko da wurin ba ya ɗaukar hoto. A haramta tuhumar mutum saboda launin fasfonsa kaɗai. In kuma an ga taura biyu ba ta taunuwa, a sauke wa hukumar bututu da jirgin ƙasa a ba wanda zai riƙe su da hannu biyu, ya fi a bar su a takarda da sunanta.

Me ya shafe mu? Duk filin jirgin da ke son tashi kai tsaye zuwa Amurka, irin su Accra da Legas da Dakar, sai ya buɗe ƙofa ga masu duba na TSA, kuma abin da Washington ta ƙirƙiro yau shi gwamnatocinmu ke saye gobe. Hanjin jimina ne, akwai na ci akwai na zubarwa. A ɗauki duba rumbun kaya da ƙarfafa ƙofar matuƙa, a bar aikin ganin ido. Mafi yawan matafiyanmu ba su taɓa shiga filin jirgi ba, a tasha da hanya suke. Bam ɗin tashar Sabon Gari a Kano a Maris 2013, da na tashar Nyanya a Afrilu 2014, da harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022 inda aka kwashe fasinjoji fiye da 60 zuwa daji, duk sun faɗa mana inda ɓarakarmu take. Duk majalisar da aka kawo wa dokar kafa hukumar tsaron sufuri, kafin ta amince da sayen na'ura ko ɗinka riga, ta fara tambaya: da me za mu auna ku, wa zai auna, kuma in wani uba ya shigo ofishinku gobe da labarin ɗansa, a hannun wa takardar za ta kwana?